Yadda Ake Ziyartar Fararen Garuruwan Andalus a Lokacin Furanni

Kafin maganar biza ko ta jirgi, akwai wata kalma da ya kamata a fara warwarewa, domin rashin warware ta ne yake sa mutum ya cika jaka da kayan da ba za su amfane shi ba. Idan aka ce ana bazara a Turai, Bahaushe yakan tuna da tasa bazarar, wato watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da rana take ƙuna, rijiyoyi suke ja da baya, dabbobi suke ramewa, kowa yana duban gabas yana jiran hadari. A kudancin Sifaniya watannin su ne dai waɗannan, amma yanayin daban ne. Ruwansu yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba har zuwa Afrilu, saboda haka a watannin da ƙasarmu take bushewa, tasu tana kore shar, alkama ta taso, ƙoramu suna gudu, furanni sun rufe gefen hanya. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne tsakiyar damina, in da za a haɗa ta da sanyin safiyar ƙarshen hunturu. Mutanen can suna kiran wannan lokaci primavera.

Yankin da ake magana a kansa tsaunuka ne da ke tsakanin lardin Kadis da na Malaga a cikin Andalus, inda ƙananan garuruwa suke manne a jikin duwatsu, daga Arcos de la Frontera a yamma zuwa Ronda a gabas. Ana kiran su pueblos blancos, ma'ana fararen garuruwa, saboda kusan kowane gida an shafe shi da farar ƙasa, wadda take mayar da zafin rana ta bar ɗaki da sanyi. Yawancinsu ƙanana ne ƙwarai: Grazalema tana da mutum kimanin 2,000, Zahara de la Sierra ba ta kai haka ba, Villaluenga del Rosario kuwa ba ta cika 500 ba. Ronda ce babbarsu a ɓangaren gabas, da mutum fiye da 30,000.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su kwana a bakin teku ko a Sevilla, su hau motar 'yan yawon buɗe ido da safe, a zaga da su garuruwa huɗu ko biyar a yini ɗaya, a dawo da su da daddare. Wanda ya yi haka zai dawo da hotuna masu kama da juna, fararen bango da jan rufi, amma bai ga garin ba, domin yana isa ne tsakanin sha ɗaya na safe da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da titunan suka cika da baƙi irinsa, masu garin kuma suna wurin aiki ko sun shige gida. Garin yana komawa hannun masu shi ne da sassafe da kuma bayan la'asar. Shawarata ita ce a ware kwana shida ko bakwai, a zaɓi masauki biyu ko uku kawai, a kwana a cikin garuruwan kansu, kuma kada a sa wa yini ɗaya fiye da gari guda da tafiyar ƙasa guda.

Zaɓen mako

Mafi dacewa shi ne daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. A Maris ana iya dacewa da rana mai kyau, ana kuma iya yin kwana uku a ɗaki ana kallon ruwa ta taga, musamman a Grazalema, wadda take cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk Sifaniya, kimanin milimita 2,000 a shekara. Dalili kuwa shi ne giragizan da suke tasowa daga tekun Atilantika ba sa cin karo da wani babban dutse sai sun iso nan, sai su sauke abin da suka ɗauko. Daga Yuni kuma ciyawa ta fara ƙonewa, zafi ya shigo, ana kuma taƙaita shiga wasu hanyoyin daji saboda tsoron gobara. Furen itacen almon yakan wuce tun Fabrairu, furen lemu mai ƙamshi yana zuwa a Maris da Afrilu, jajayen furannin da suke cika gonakin alkama kuma sun fi yawa a ƙarshen Afrilu da Mayu.

Sai a duba kalanda saboda mako guda, wato makon da ya gabaci bikin Ista na Kiristoci, wanda suke kira Semana Santa. Ranar Ista tana sauyawa kowace shekara tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A wannan mako ana fitowa da gumakan coci a kafaɗa ana zagaya gari da ganguna da ƙahonni, ana rufe tituna, masauki yana tsada yana kuma wuyar samu. Wanda yake son ganin al'adar mutanen sai ya kama ɗaki watanni kafin lokacin, wanda yake neman natsuwa kuma sai ya zo bayan an watse. Haka nan ranar 1 ga Mayu hutu ce, idan kuma ta haɗu da ƙarshen mako mutanen birane sukan kwararo ƙauyuka. Tsakanin Talata da Alhamis ne garuruwan suka fi zama shiru.

Agogo ma yana da nasa batun. A lokacin sanyi Sifaniya tana kan awa ɗaya da Najeriya da Nijar, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogonsu gaba da awa guda. Sakamakon haka a watan Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, wanda yake nufin magariba tana jinkiri, yammaci kuma yana da tsawon da za a iya yin tafiyar awa biyu bayan la'asar a dawo da sauran haske.

Maganar takardu gajeriya ce. Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizar ziyara tana ba da izinin zaman da bai wuce kwana 90 a cikin 180 ba, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa, fasfo kuma ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fita. Ana karɓar takardun nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ya fi kyau a yi amfani da wannan dama, domin samun ranar ganawa shi ne abin da ya fi cin lokaci. A riƙa yawo da fasfo a jiki, saboda kowane masauki zai nemi ganinsa kafin ya ba da mabuɗi, jami'an tsaron karkara da ake kira Guardia Civil ma suna iya tambaya a hanya.

Shiga yankin da zagaya shi

Filin jirgin Malaga ne mafi girma a Andalus, daga can zuwa Ronda kimanin kilomita 100 ne, tafiyar da takan ci kusan awa biyu saboda hawa da kwane-kwane. Ana kuma iya shigowa ta Sevilla ko Jerez, wadda ta fi kusa da Arcos. Akwai motocin safa daga Malaga da Sevilla zuwa Ronda kowace rana, akwai kuma tsohon layin dogo da ya taso daga Algeciras ya ratsa tsaunuka, yana tsayawa a ƙananan tashoshi kamar Benaoján. Matsalar tana farawa ne daga Ronda zuwa ƙauyuka, inda safa ba ta wuce 'yan sawu kaɗan a yini, ranar Asabar da Lahadi kuma ta ƙara raguwa ko ta ɗauke gaba ɗaya. Wanda ba zai yi tuƙi ba sai ya tambayi jadawalin a tasha da kansa tun ranar da ya iso, ya kuma karɓi lambar ɗan tasi daga mai masauki, domin a ƙauye ba a tsayar da tasi a bakin titi.

Wanda zai ɗauki hayar mota kuwa, ya ɗauki mafi ƙanƙanta da za ta ɗauki kayansa. Wannan ba maganar tsimin kuɗi ba ce. Titunan garuruwan an yi su ne don jaki da alfadari, wasu lungunan idan babbar mota ta shiga ba ta iya juyawa, sai dai ta fito da baya tana goge bangon mutane. Ana tuƙi a hannun dama kamar a gida, sai dai yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai son wadda take sauya giya da kanta sai ya nema tun da wuri. A tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida. Iyakar gudu a hanyoyin karkara kilomita 90 ce a awa, amma a kan dutse da wuya a wuce 40, musamman a hanyar da ta haɗa Grazalema da Zahara ta mashigar Puerto de las Palomas, wadda ba ta kai kilomita 20 ba amma duk kwana ce bisa kwana, ga masu keke da babura. A gangara a sa ƙaramar giya, kada a dogara da birki kaɗai.

Doka guda da zan so matafiyi ya riƙe ita ce, da zarar ya ga filin ajiye motoci na farko a bakin gari, ya tsaya a nan ya ƙarasa da ƙafa. Taswirar waya ba ta san faɗin lungu ba, za ta yi ta cewa a ci gaba har mutum ya tsinci kansa a gaban matakala. Layin rawaya a gefen titi yana nufin an hana ajiye mota, shuɗi kuma yana nufin sai an biya, tararsu kuwa ba ta da sassauci.

A fara da Ronda, a yi kwana biyu. Garin yana kan tudu, kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100 ya raba shi biyu, kogin Guadalevín yana gudu a ƙasa, babbar gadar da aka kammala a 1793 ta haɗa ɓangarorin. Kowa yana tsayawa a kan gadar yana leƙen ƙasa, amma an fi ganin girmanta idan aka bi hanyar ƙafa da ta gangara daga tsohon gari zuwa gindin kwazazzabon, da yamma, lokacin da rana take haska ta. Ga mai sha'awar tarihin Musulunci, tsohon garin da ke kudu da gadar shi ne abin nema. Akwai gidan wanka na ƙarni na 13 zuwa na 14, mai rufin tubali da aka huda ramuka masu siffar taurari don haske ya shiga, wanda yake cikin mafi kyawun da suka rage a ƙasar. Akwai ƙaramar hasumiyar wani masallaci da ta tsaya ita kaɗai a bakin titi, da guntun mihirabi a mashigar babbar cocin Santa María la Mayor, da matakala kimanin 200 da aka sassaƙa a cikin dutse har zuwa kogi domin ɗebo ruwa idan an kewaye garin da yaƙi. Shahararren matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Baɗuɗa ya sauka a Ronda wajen 1350, ya tarar da ɗan'uwansa ne alƙalin garin, kafin ya ƙetare Sahara zuwa Mali ya bi ta Takedda a yankin Agadas na Nijar ta yau.

Sanin ɗan tarihin yana sa a fahimci dalilin da ya sa garuruwan suke maƙale a kan duwatsu. Musulmi sun shigo ƙasar a 711, bayan ƙarni biyar da wani abu kuma mulkinsu ya taƙaita ga daular Granada, waɗannan tsaunuka suka zama iyakarta ta yamma har tsawon shekara fiye da 200. Shi ya sa sunayen Arcos da Jerez da Jimena suke ɗauke da de la Frontera, wato na kan iyaka. Ƙwace Zahara da dakarun Granada suka yi a 1481 shi ne ya buɗe yaƙin ƙarshe, Setenil ta faɗi a 1484, Ronda a 1485, Granada kanta a 1492. Harshen ya riƙe abin da mulki ya saki: sunayen kogunan da suka fara da Guada daga kalmar Larabci wadi suke, man zaitun aceite ne, daga az-zait, shugaban ƙaramar hukuma kuma alcalde, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da alƙali namu. Sai dai ina jan hankalin maziyarci da kada ya riƙa yawo yana jajanta wa mutanen gari abin da ya wuce shekara 500. Manoma ne da makiyaya, galibinsu Kiristoci 'yan Katolika, kuma garin nasu ne.

Daga Ronda ana iya zuwa Setenil de las Bodegas a dawo, kilomita 20 ne ko ƙasa da haka. A can an gina gidaje a ƙarƙashin dutsen da kogi ya rarake, har dutsen ya zama rufin titi guda. Abin kallo ne, amma ya yi suna fiye da girmansa, don haka a isa kafin ƙarfe goma a bar shi kafin azahar. A kan hanyar akwai kangon garin Rumawa na Acinipo da dandalin wasanninsa na dutse, inda galibi ba a tarar da kowa sai iska da tumaki.

Grazalema ce ta cancanci kwana uku, domin ita ce tsakiyar gandun dajin da UNESCO ta amince da shi a matsayin wurin kiyaye halittu a 1977, aka kuma mayar da shi wurin da doka take karewa a 1984. A nan ne tafiyar ƙasa take, tafiyar ƙasa kuwa ita ce dalilin zuwa a wannan lokaci. Mafi sauƙi ita ce hanyar da ta bi gefen kogin Majaceite tsakanin El Bosque da Benamahoma, kimanin kilomita 5 a cikin inuwa, wadda yara da dattawa za su iya, ba ta kuma buƙatar izini. Tsakanin Benaocaz da Ubrique akwai tsohuwar hanyar Rumawa da aka shimfiɗe da duwatsu, gangara ce idan an taso daga Benaocaz. Wasu hanyoyin kuma sai da takardar izini, saboda ana ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana: dajin Pinsapar, inda ake samun wani itace mai suna pinsapo da ba ya fitowa sai a 'yan tsaunukan kudancin Sifaniya da arewacin Maroko, da kwazazzabon Garganta Verde, da ƙololuwar El Torreón mai tsawon fiye da mita 1,600, mafi tsayi a lardin Kadis. Izinin kyauta ne, ana samunsa ta ofishin baƙi da ke El Bosque, amma na ƙarshen mako yakan ƙare da wuri, saboda haka a nema makonni kafin zuwa.

A Garganta Verde ne manyan ungulaye suke sheƙa a jikin dutse, suna wucewa kusa da kan mutum har ya ji ƙarar iska a fukafukansu. Mai lura da tsuntsaye zai kuma ga waɗansu da ya sani. Mashigar ruwan Jibraltar, wadda faɗinta kimanin kilomita 14 ne a inda ta fi matsewa, ita ce hanyar da tsuntsayen da suka yi hunturu a Afirka ta Yamma suke bi su koma Turai a waɗannan watanni, cikinsu har da tsattsewa da wani farin dangin shamuwa mai baƙin fiffike da yake sheƙa a kan hasumiyoyin coci a garuruwan kwari.

Shirin tafiyar ƙasa ba shi da yawa, amma kada a raina shi. Takalmi mai kauri da ya riƙe ƙafa wajibi ne, domin dutsen yankin yana santsi idan ya jiƙe. A sa tufafi bisa tufafi yadda za a iya ragewa, saboda safiya tana iya yin sanyin da ya kai na tsakiyar hunturu a Jos, azahar kuma ta yi zafi, a kuma saka rigar ruwa a jaka ko da gari ya waye garau. A ɗauki ruwan sha, kada a sha daga famfon da aka rubuta wa agua no potable. Duk ƙyauren shingen da aka buɗe a rufe shi, domin awaki da shanu suna kiwo a sake, idan kuma aka hangi garke da manyan karnuka sai a kewaye shi daga nesa. A ƙarƙashin itatuwan fain ana iya ganin tsutsotsi masu gashi suna tafiya a jere kamar ayari. Kada a taɓa su, gashinsu yana kumbura fata. Bayan an ratsa ciyawa a duba jiki saboda kaska. Mai ciwon asma ya zo da maganinsa, domin zaitun yana fure a Afrilu da Mayu kuma ƙurar furensa tana tayar da ciwon. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Abinci, salla da zama da mutane

A nan ne matafiyi Musulmi yake buƙatar buɗe ido sosai, domin wannan yanki ne na kiwon alade, kuma naman yana shiga inda ba a zata ba. Kalmomin da za a haddace su ne cerdo, wato alade, da jamón, chorizo, morcilla, lomo, tocino, sai manteca, wadda take nufin kitsensa. Cewa ba a cin nama kawai ba ta isa ba, domin da yawa daga masu kawo abinci ba sa lissafa 'yan yankan jamón a matsayin nama, a wurinsu kayan ƙawata miya ne. Sai an faɗa a fili: sin cerdo, sin jamón. Miyar tumatir mai kauri da ake kira salmorejo tana zuwa da shi a barbaɗe a sama, kifin ruwan sanyi na El Bosque akan soya shi da shi, romon miya galibi da ƙashinsa ake dafawa, yawancin kayan zaƙin gargajiya da kitsensa ake kwaɓawa. Har cukun akuya na payoyo, abin alfaharin Villaluenga, akwai nau'insa da ake shafe bayansa da manteca kafin a ajiye shi ya tsufa, don haka a karanta takardar jikinsa ko a tambaya. Haka nan a tambaya ko an dafa abu da vino, wato giyar inabi.

Duk da haka ba za a zauna da yunwa ba. Karin kumallon yankin burodi ne mai laushi da ake kira mollete, a gasa shi a zuba man zaitun da markaɗaɗɗen tumatir. Akwai wainar ƙwai da dankalin Turawa, da soyayyen kifi, da miyar tumatir mai sanyi da ake kira gazpacho idan zafi ya fara, da zaitun da cuku da zuma. Wannan ne kuma lokacin ganyayen daji da mutanen ƙauye suke fita tsinka, irin su espárragos da tagarninas, waɗanda ake soyawa da ƙwai. Mai son naman da aka yanka bisa shari'a sai ya saya a mahautan 'yan Maroko a Malaga ko Algeciras kafin ya hau tsauni, ya kuma kama irin masaukin da ake kira casa rural, gida ne sukutum da ɗakin girki, wanda ga iyali ya fi otal sauƙin kuɗi da sakewa.

Lokutan cin abinci suna rikita baƙo fiye da abincin kansa. Ana cin na rana tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, na dare kuma ba a fara shi kafin takwas da rabi, tsakanin waɗannan lokuta murhu a kashe yake ko da ƙofar gidan abincin tana buɗe. Kantuna suna rufewa wajen ƙarfe biyu su sake buɗewa wajen biyar, ranar Lahadi kuma akasarinsu ba sa buɗewa, gidajen tarihi da yawa suna hutu ranar Litinin. Wanda ya daidaita yininsa da wannan tsari zai ji daɗi: ya fita tafiya da safe, ya ci abincin rana mai nauyi, wanda a ranakun aiki ake sayarwa a dunƙule da rahusa da sunan menú del día, ya yi ƙailula kamar kowa, ya fito da la'asar sakaliya.

Masallatai suna birane, irin su Malaga da Marbella da Algeciras, da Granada inda aka buɗe babban masallaci a unguwar Albaicín a 2003. A ƙauyuka kuwa ɗakin mutum ne masallacinsa, don haka a tafi da darduma mara nauyi da 'yar buta, a kuma tsara Juma'a ta faɗo a ranar isowa ko ta komawa. Alƙibla tana gabas, a ɗan karkata zuwa kudu kaɗan. Mai zuwa daga Najeriya ya sayi mahaɗin soket mai ƙafa biyu zagayayyu, mai zuwa daga Nijar kuwa nasa zai shiga.

Mutanen karkarar Andalus suna da son gaisuwa, abin da ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. Idan an shiga kanti ko an haɗu da mutum a hanyar gona ana cewa buenos días kafin abincin rana, buenas tardes bayansa, shiga ba gaisuwa kuwa rashin ladabi ne a can kamar yadda yake a nan. Kaɗan ne suke jin Ingilishi ko Faransanci, amma suna da haƙurin sauraron wanda ya gwada harshensu. Da yamma dattawa sukan jeru a kan benci a dandalin gari, yara suna wasa har dare, kuma za a kalli baƙo, musamman baƙar fata a ƙauyen da ba a saba gani ba. Gaisuwa ce take kawar da kallon. Ba a tayi a kanti, farashin da aka rubuta shi ake biya. Kada a ɗauki hoton mutum ko cikin gidansa ba da izini ba, ko da ƙofar tana buɗe furanni suna leƙowa, a kuma riƙe 'yan tsabar kuɗi domin ba kowane ƙaramin shago ne yake karɓar kati ba.

Daren ƙarshe a yi shi a Zahara, inda hasumiyar tsohon sansani take kallon madatsar ruwa, ko a Olvera. Daga Olvera ne hanyar keke ta Vía Verde de la Sierra ta tashi zuwa Puerto Serrano, kilomita 36 a kan layin dogon da aka share amma jirgi bai taɓa bi ba, tana ratsa ramukan dutse wajen 30, ana kuma samun hayar keke a tsohuwar tashar. Arcos ta dace da wanda zai tashi ta Jerez.

Tsaraba a saye ta inda ake yin ta. Grazalema ta shahara da barguna na ulu tun ƙarnoni da suka wuce, har yanzu kuma ana saƙa su a garin. Ubrique garin dukawa ne, inda ake ɗinka jakunkunan fata ga manyan kamfanonin ado na Turai, kuma duk wanda ya san aikin dukawan Kano zai so ya juya jakar ya duba ɗinkin ta ciki kafin ya biya. Man zaitun na Olvera da Zahara a saye shi a gwangwani maimakon kwalba, a naɗe shi da tufafi a sa a babbar akwatin da za a auna, domin a jakar hannu jami'an filin jirgi za su iya karɓe duk wani ruwa da ya wuce mililita 100. Motar haya kuma a cika mata tanki a gidan mai na ƙarshe kafin filin jirgi, a ɗauki hotonta ta kowane gefe kafin a miƙa mabuɗi.